Zaɓen Ƙwayar Harsashi Don Farautar Barewa: Dalma, Mai Katanga, Ko Jan Ƙarfe Zalla?

Wanda ya fara ɗura harsashi da hannunsa yakan ƙarar da tunaninsa a kan albarushi: wane iri, awo nawa, wane kwanso, wane maƙyasti za a dasa a gindinsa. Duk suna da muhimmanci, amma aikinsu a bakin bindiga yake ƙarewa. Albarushi ya ƙone, kwanso ya faɗa cikin ciyawa, abu ɗaya tak ne ke ci gaba da tafiya har jikin barewa, wato ƙwayar da ka cusa a wuyan kwanson. Ita ke raba gardama. Ko dabbar ta faɗi bayan 'yan taku, ko ta shige duhuwa da rauni, ka raba dare kana haska tocila kana neman ɗigon jini a kan ganye.

Tambayar da aka fi yi ita ce wace ƙwaya ce ta fi kyau. A ganina akwai wadda ta riga ta: da wane gudu ƙwayar za ta isa jikin dabbar? Kowace ƙwayar farauta an ƙera ta ne don ta buɗe idan ta shiga nama, bakinta ya naɗe baya kamar laima, faɗinta ya kusa ninkawa, ta yaga huhu da jijiyoyin jini a kan hanyarta. Wannan buɗewa tana da iyaka biyu. Idan gudu ya gaza, ƙwayar ba za ta buɗe ba, sai ta ratsa kamar tsinke ta bar ɗan rami da fata ke rufewa. Idan gudu ya yi mata yawa, sai ta tarwatse a kan ƙashin farko da ta ci karo da shi, ba ta kai inda rai yake ba. Tsakanin iyakokin nan kowace ƙwaya ke da filinta, na wata ƙunci, na wata yalwa, kuma kusan duk bambancin da ke tsakaninsu a nan yake.

Masu wannan sana'a da giren suke auna nauyi. Giren 7,000 ke yin laba ɗaya, ke nan ƙwaya mai giren 150 ba ta cika giram 10 ba. Gudu kuma da ƙafa a sakan ake faɗinsa. Ɗauki harsashin .308 Winchester, wanda lambarsa ke nuna faɗin ƙwayarsa da inci, da ƙwaya mai giren 150: tana barin baki da ƙafa 2,800 da ɗoriya, kuma idan mai tsini ce tana zubar da ƙafa 200 da wani abu a kowane yadi 100, har a yadi 300 tana nan sama da 2,100. Tsohuwar .30-30 da nauyi iri ɗaya, amma mai dunƙulallen baki, da 2,390 take tashi, kafin ta cika yadi 200 ta sauko ƙasa da 1,700. A ɗaya gefen ga .270 Winchester da giren 130 tana haura 3,000, ga .300 Winchester Magnum da giren 150 tana wuce 3,200. Yawancin masu ƙera ƙwaya suna sa iyakar buɗewa ta ƙasa a wajen 1,800. To ƙwayar da za ta yi aiki lafiya lau a .30-30 a yadi 80, idan ka ɗora ta a kan magnum ka harbi barewa a yadi 40, kamar ka jefi dutse da ƙwai ne.

Sai kuma a tuna da wa ake yi. Barewa ba ɓauna ba ce. Mai farin wutsiya ta Amurka, babban namijinta ba kasafai yake wuce kilo 130 ba, da yawa ma ba su kai rabin haka ba. 'Yar ƙaramar nan ta Turai da ake kira ro tana tsakanin kilo 15 da 30. Fatarsu siririya ce, haƙarƙarinsu ba kauri, daga wannan awaza zuwa waccan bai fi ƙafa ɗaya da ɗan kai ba, kuma galibin wannan tazara huhu ne, wanda iska ta fi yawa a cikinsa. Saboda haka kuskuren fuska biyu gare shi. Ƙwaya mai taushi da yawa tana fashewa a waje, mai tauri da yawa kuma tana iya wucewa kafin ta gama buɗewa.

Mafi tsufa kuma mafi yawa ita ce mai rigar jan ƙarfe da cikin dalma. Ana miƙe ƙoƙon jan ƙarfe mai ɗan haɗin tutiya, a danna guntun dalma a ciki, a matse baki ya yi tsini, a bar dalma ta ɗan leƙo. Remington Core-Lokt ta fito tun 1939, Hornady InterLock a 1977, ga Winchester Power-Point, ga Sierra GameKing, ga Speer Hot-Cor da ake zuba dalmarta tana narke. Idan kana son ka san abin da ka saya, ɗauki ƙwaya ɗaya tilo, wadda ba a ɗora a kan kwanso ba, ka ɗaure ta a matsi, ka bi tsawonta da magagari har ka cinye rabi. Abin da za ka gani ya fi duk abin da aka rubuta a jikin kwali. A InterLock za ka ga ɗan zobe ya turo daga cikin riga kusa da gindi yana riƙe da dalma. A Core-Lokt za ka ga rigar ta yi kauri a tsakiya ta shaƙe cikin. A wasu kuwa rigar siririya ce tun daga baki har gindi, babu abin da ke hana dalma sulluɓewa sai matsi. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi saurin tuɓe riga idan aka matsa musu.

Ina ganin ana raina wannan iri fiye da kima. Muddin za ta isa jikin barewa da gudun da ke tsakanin 1,900 da 2,700 ko makamancin haka, da wuya ka sami wadda ta fi ta kisa da sauri a harbin haƙarƙari. Tana buɗewa nan take, tana zubar da sulusin nauyinta ko fiye, ɓaraguzan suna faɗaɗa ɓarna a cikin huhu, abin da ya rage kuma sau da yawa yana fita ta ɗaya gefen. Mai .308, ko 7mm-08, ko 6.5x55, ko .30-06 da giren 165, bindigarsa ta riga ta zaunar da shi a tsakiyar wannan fili. Ga kuma rangwame: ita ce mafi araha, don haka za ka iya harba ɗari a takarda kafin lokacin farauta ba tare da ƙyashi ba. Wannan atisaye ya fi kowace fasahar ƙira amfani ga barewar da za ka harba.

Inda take kasawa shi ne kusa-kusa, a bindiga mai gudu, idan ta haɗu da ƙashi. Na ga wannan da idona, kuma zaɓin nawa ne. Shekarun baya na ɗura wata mara nauyi mai siririyar riga a bindiga mai zafin gudu, don kawai tana tara mini harbi wuri ɗaya a takarda. Namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa a tazarar da ba ta kai yadi 50 ba, ya ɗan karkato yana fuskantata. Na ɗora a kan gaɓar kafaɗa na ja kunama. Ya durƙusa, ya miƙe, ya shige. Sai da muka yi awa uku muna bin sawu kafin na samu na ƙarasa shi. Da aka feɗe, sai ga kafaɗar ta dagargaje, rami mai faɗin tafin hannu amma zurfinsa bai wuce tsawon yatsa ba. Rigar ƙwayar na kwance cikin tsoka ita kaɗai, a wangale kamar ɓawon gyaɗa, babu dalma a ciki. Huhu ɗaya kawai 'yan ɓaraguzai suka taɓa. Awa ukun nan na wahala, dabbar ce ta sha su saboda zaɓin da na yi a kan teburin ɗuri.

Masu tsinin roba, irin su Nosler Ballistic Tip da ta fito a 1984 da Hornady SST da ELD-X, 'yan gida ɗaya ne da waccan. Robar da ke baki tana hana tsini lanƙwasewa a cikin magazin, wato ma'ajiyar harsasai ta bindiga, tana taimakon ratsa iska, kuma idan ta bugi nama sai ta koma ciki kamar turaki ta tsaga rigar. Ke nan sun fi saurin buɗewa, abin da ke sa su yi kyau a nesa inda gudu ya ragu, su kuma yi ɓarnar nama a kusa. A nan ne ake yawan ruɗar mutane da lambar ratsa iska da ake kira BC. Lambar gaskiya ce, amma sai an yi nisa take nuna kanta. A yadi 200, bambancin faɗuwa tsakanin mai shafaffen gindi da mai gindin kwalekwale bai wuce inci ɗaya ko biyu ba, alhali wurin da kake nema a ƙirjin barewa ya kai faɗin inci 8. Wanda ke farauta a kurmi bai da abin da zai tsinta a wannan lamba.

Matsalar tarwatsewa ce ta haifi mai katanga. A 1946 John Nosler ya je farauta a Biritish Kolombiya ta Kanada, ya harbi ƙaton mus, babban ɗan dangin barewa, wanda jikinsa ya sha taɓo ya bushe. Bindigarsa .300 H&H ce mai gudu, ƙwayoyinsa suka riƙa fashewa ba tare da sun shiga ba. Ya koma gida ya zana wata ƙwaya da katangar jan ƙarfe ta raba cikinta gida biyu, ya fara sayar da ita a 1948 da sunan Partition. Gaba dalma ce mai taushi da ke buɗewa ko da gudu ya yi ƙasa, sau da yawa ma ta wanke gaba ɗaya. Baya kuma a kulle yake, komai tsiya kusan kashi biyu cikin uku na nauyin yana ci gaba da kutsawa. Ka lura da abin da wannan ke nufi: ta ture iyakar sama ba tare da ta taɓa ta ƙasa ba. Shi ya sa har yau, bayan shekara saba'in da ɗoriya, idan mutum ya ce mini bindiga ɗaya gare shi kuma bai san ko a yadi 30 ko a 300 barewa za ta tsaya masa ba, ita nake fara ambata. Tana da nata aibu. Ramin fitarta yakan yi ƙanƙanta tunda gaban ya zube, bakinta na dalma yana lotsewa a magazin, ba ta ratsa iska kamar na zamani, kuma wasu bindigogin ba sa tara ta sosai sai an sha gwaji.

Masu manne hanyarsu daban. Ana haɗa dalma da riga su zama jiki ɗaya, ko da zafi ko da wutar lantarki, ta yadda ba sa rabuwa ko an bugi ƙashi. Nosler AccuBond ta 2003, Swift Scirocco, Norma Oryx da Federal Fusion duk a nan suke. Suna yin laima mai faɗi, suna riƙe nauyi fiye da ta gargajiya, kuma saboda faɗin laimar wani lokaci akan tsince su a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen, fata ta miƙe ta tare su. Ga mai .270, ko 7mm Remington Magnum, ko ɗaya daga cikin magnum na .300, waɗannan ne maganin gudu. A .308 mai gajeren bututu kuwa, kuɗi ne ka ƙara a kan matsalar da ba ka da ita. Swift A-Frame, mai katanga da manne a haɗe, an yi ta ne don dabbobin da suka fi barewa nesa ba kusa ba.

Jan ƙarfe zalla ya fi buƙatar a zauna a kansa, don duk abin da mutum ya saba da shi a dalma sai ya sake shi. Randy Brooks na kamfanin Barnes ne ya fito da X a 1989: babu dalma ko kaɗan, sai rami a baki da ke tsagewa gida huɗu kamar fure. Ta farkon tana barin jan ƙarfe da yawa a bututu tana kuma ɗaga matsin wuta, har a 2003 aka yanka mata tsagogi a jiki aka kira ta TSX, daga baya aka ƙara tsinin roba ta zama TTSX. Yanzu ga Hornady CX, ga Nosler E-Tip, ga Lapua Naturalis. Ka tono ɗaya daga cikin tudun ƙasa ko jikin dabba ka ɗora a sikeli, sau da yawa za ka samu giren ɗaya ko biyu kawai ta rasa. Ƙashi ba ya tare ta, kuma da wuya barewa ta riƙe ta.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Idan girma ɗaya ne, jan ƙarfe bai wuce kashi huɗu cikin biyar na nauyin dalma ba. Ke nan ƙwayar jan ƙarfe mai giren 150 ta fi ta dalma mai giren 150 tsawo, tana shiga cikin kwanso ta ci wurin albarushi, tana kuma neman bututu mai saurin murɗi, wato wanda tsagogin cikinsa ke juya ƙwaya da sauri, kafin ta tafi a miƙe. Ban da haka ta fi dalma tauri, gudu take so kafin ta buɗe da kyau. Ko da kamfani ya rubuta 1,800, ni ba na yarda ta isa jikin barewa da ƙasa da 2,000, na fi ma sakin jiki idan ta haura 2,200. Don haka ƙa'idar a nan ita ce a sauko da nauyi. Wanda ya saba da giren 150 ko 165 a .308 ya koma 130, wadda ke iya tashi da kusan 3,000. Mai .270 ya duba 110 ko 130. Mai 6.5 ya duba 120. Ba ka yi asarar kutse ba, tunda mai giren 130 da ta riƙe nauyinta duka ta fi mai 165 da ta zubar da sulusi nauyi a ƙarshen tafiya. Wajen dasa ta kuma ba ta son a matsa ta kusa da farkon tsagar bututu. Barnes da kansu suna ba da shawarar a fara da tazarar inci 0.050.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Tunda ba ta zubar da ɓaraguzai, barewar da aka harba da jan ƙarfe a bayan kafaɗa, ta huhu zalla, takan yi ɗan gudu fiye da wadda aka harba da dalma mai taushi. Ta mutu, amma ƙafafunta ba su sani ba tukuna. Shi ya sa masu amfani da ita da yawa suke matso da saitinsu gaba kaɗan su haɗa da ƙashin kafaɗa, abin da ba za su yi da ƙwaya mai taushi ba. Ladan wannan shi ne nama mai tsabta. A 2008 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota ta harbi gawarwakin tumaki da harsasai iri-iri, ta ɗauke su da na'urar hoton ƙashi. Masu saurin buɗewa sun watsa ƙananan ɓaraguzan dalma da ido ba ya gani, wasu har fiye da ƙafa ɗaya daga ramin, na jan ƙarfe kuwa ba su bar komai na a zo a gani ba. Wanda yara ƙanana ko mai juna biyu ke cin abin da ya harbo, wannan kaɗai ya isa ya sa shi tunani. Kayan cikin da ake bari a daji kuma ungulu da mikiya ke cinye su, su kwashi dalmar.

A wasu wurare ma doka ta riga ta yi maka zaɓin. Kalifoniya, inda dalma ta daɗe tana kashe ƙatuwar ungulun nan kondo, ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yuli 2019. Denmak ta hana shi a bindigar farauta daga Afrilun 2024. A Ingila da Wels, dokar barewa ta 1991 ta ce ga manyan nau'o'i faɗin baki kada ya gaza inci 0.240, ƙwayar kuma ta zama mai taushin baki ko mai rami a baki. Sikotilan ta daɗe tana neman aƙalla giren 100 ga manyan nau'o'in, sai a 2023 ta sauko zuwa 80, don masu .243 su iya komawa jan ƙarfe, tunda mai giren 100 ta yi wa bututunsu tsawo. Kafin ka sayi kwali, karanta dokar wurin da za ka yi farautar.

Maganar tsawo ta kawo mu ga murɗin bututu, abin da sababbi ke mantawa. Tsagogin da ke ciki suna juya ƙwaya, kuma ana faɗin saurinsu da yawan incin da take yi kafin ta juya sau ɗaya. Tsawon ƙwaya ne ke neman murɗi, nauyi yana biyo baya ne kawai. A 1955 Remington ta fito da .244 da murɗin 1 cikin 12, a shekarar kuma Winchester ta fito da .243 da 1 cikin 10. Ta Winchester tana ɗaukar mai tsini ta giren 100, ta Remington ba ta iya daidaita irinta, mafarautan barewa suka bi .243. Sai a 1963 Remington ta sake mata suna zuwa 6mm Remington da murɗin 1 cikin 9. Auna naka ba wuya: sa tsumma mai matsewa a sandar wanke bututu, yi alama a jikin sandar, tura a hankali har alamar ta zagayo sama, ka auna tazarar da ta yi. Idan ka ga rami mai siffar ƙwai a takarda maimakon zagaye, ƙwayar ta yi wa bututunka tsawo.

Nauyi kuwa, an fi gane shi idan aka haɗa shi da faɗi. Raba nauyin a laba da faɗin inci da aka ninka da kansa. Giren 150 a .308 yana ba da 0.226, giren 165 yana ba da 0.248, giren 130 a .270 (ainihin faɗinta inci 0.277) da giren 100 a .243 duk 0.242, giren 140 a 6.5 (milimita ke nan, faɗinta inci 0.264) kuma 0.287. Ga ƙwayar dalma a kan barewa, daga 0.220 zuwa sama ya wadatar. Wannan lissafi ne ya nuna dalilin da ya sa 6.5 ke kutsawa fiye da yadda girmanta ya nuna, da kuma dalilin da ya sa giren 110 na dalma a .30 ba na barewa ba ne. Amma lambar tana aiki ne kafin ƙwaya ta buɗe. Daga nan ƙira ce ke magana.

Abu biyu a kauce musu. Ƙwayoyin ƙananan dabbobi an yi su ne don su fashe, na gasar harbi kuma don takarda aka yi su, wata rana su tarwatse wata rana su wuce ba buɗewa. Kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar a yi galibin farauta da MatchKing. Mai .30-30 da magazin ɗin bututu kuma ya tsaya ga mai shafaffen baki ko dunƙulalle, ko FTX mai taushin roba, domin a cikin bututun bakin kowane harsashi yana jingine ne da maƙyastin na gabansa.

Mafarauta sun daɗe suna musu a kan ko ya fi kyau ƙwaya ta tsaya a ciki ko ta fita. Masu son ta tsaya suna cewa ta sauke duk ƙarfinta a jikin dabba. Ni ina tare da masu son rami biyu. Ramin shiga ƙarami ne, galibi a sama yake, kitse da gashi kan toshe shi. Na fita ya fi faɗi, jini ta nan yake zuba. Barewar da aka harba da kyau ma tana iya yin yadi 60 a guje, kuma yadi 60 a cikin sarƙaƙiya da magariba ba tare da jini a ƙasa ba tafiya ce mai tsawo. A fili fetal inda kana ganin inda ta faɗi, hujjar masu son ta tsaya tana da ƙarfi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai wanda ya zaɓi mai fita ya ƙara kula da abin da ke bayan dabbar kafin ya ja kunama.

Duk wadda ka zaɓa, kada ka ɗauki awon albarushin wata ƙwaya ka ɗora wa wata don kawai nauyinsu ɗaya. Tsawon jikin da ke gogar bututu, taurin riga da zurfin dasawa duk suna sauya matsin wuta, kuma tsakanin dalma da jan ƙarfe bambancin ba kaɗan ba ne. Buɗe littafin kamfanin da ya ƙera ƙwayar ko albarushin, fara daga awon farko da suka rubuta, ka hau a hankali ba tare da wuce iyakarsu ba. Idan makullin bindiga ya yi tauri wajen ɗagawa, ko maƙyasti ya baje, ko ka ga tabo mai ƙyalli a gindin kwanso, ka riga ka wuce gona da iri, tsaya ka koma baya.

Sauran aikin gwaji ne, gani ya kori ji. Gudun da ke cikin littafi galibi da bututu mai inci 24 aka auna shi, naka mai inci 18 ko 20 zai rage ƙafa 20 zuwa 30 a kan kowane incin da aka yanke. Sami na'urar auna gudu ka san lambarka ta gaskiya, ka lissafa abin da zai rage a iyakar nisan da kake harbi. Daga nan tara tsofaffin jaridu ka jiƙa su su kwana, ka matse su a kwali mai tsawon ƙafa biyu ko uku, da tudun ƙasa a bayansa. Harbi ɗaya a yadi 30, ɗaya a iyakar nisanka, ka tono su ka jera a tebur kusa da sikeli. Ta kusa za ta nuna maka ko riga da dalma suna nan tare, da nauyin da ya rage. Ta nesa za ta nuna maka laima. Idan ta fito bakinta a tsuke, kamar a goge ta a sake ɗurawa, to wannan tazara ta fi ƙarfinta a bindigarka. Rage nisan, ko ka sauko da nauyi, ko ka koma mai taushin baki, ka sake jiƙa jarida.